Alhakin Tayar da Tarzoma: Darasi daga Rikicin Katsina na 1991

A watan Disamba na 1990 mujallar Fun Times, mallakar kamfanin Daily Times, ta buga wani rubutu da Musulmi suka ɗauka cin mutunci ne ga Manzon Allah (SAW). A watan Maris na 1991 Malam Yakubu Yahaya ya jagoranci almajiransa zuwa ofishin kamfanin da ke Katsina, suka ƙona kwafin mujallar. Gwamnan soja, Kanar John Madaki, ya yi masa barazanar kisa a bainar jama'a, sannan a watan Afrilu aka yi arangama da 'yan sanda. An gurfanar da malamin da mabiyansa gaban kotu ta musamman bisa dokar soja mai lamba 2 ta 1987, wadda aka kafa bayan rikicin Kafanchan, aka yanke musu hukuncin ɗauri.

Wannan lamari ya haɗa mutum uku: wanda ya tsokana, wanda ya zuga, da wanda ya aikata da hannunsa. Kundin Penal Code na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi hukunci ga kowannensu. Sashe na 100 ya haramta taron mutum biyar ko fiye mai mummunar manufa, sashe na 210 kuwa ya hukunta wulaƙanta addini ta hanyar da za ta iya rushe zaman lafiya. Amma shari'ar Katsina ta taƙaita ga masu zanga-zanga da jagoransu.

Fiƙihu ya daɗe da rarrabe mubashiri, wato mai aikatawa, da mutasabbibi, wato wanda ya zama sanadi. Asali lamuni yana kan mai aikatawa. Sai dai Malikiyya suna kashe jama'a saboda mutum ɗaya idan sun haɗa baki, bisa hukuncin Sayyidina Umar kan mutanen San'a da ke cikin Muwaɗɗa. Wanda ba a kai ga tsayar masa da ƙisasi ba, ta'aziri yana hawa kansa gwargwadon ɓarnar harshensa.

Mas'alar tana da rai a Batsari da Safana, bakin dajin Rugu, inda hare-haren 'yan bindiga ke tara fushi a zukata. Wajibi ne alƙali ya rarrabe wanda aka kashe wa ɗan'uwa ya fito neman haƙƙi da mai ingiza jama'a su ɗauki fansa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Hukuncin da ya kama hannu ya ƙyale harshe ba ya kashe wutar fitina. Allah ne mafi sani.