Yadda Tsofaffin Fayafayan Garmaho Suka Sake Yin Daraja

A shekarar 2001 kamfanin Strut na birnin Landan ya fitar da wani kundin waƙoƙi mai suna Nigeria 70. Babu sabuwar waƙa ko ɗaya a cikinsa, dukkansu daga tsofaffin fayafayan garmaho aka tsinto su. An haɗa Fela Kuti da King Sunny Ade da 'yan biyun nan Lijadu Sisters wuri guda, har da Bala Miller da waƙarsa "Ikon Allah", wadda matasan Turai suka riƙa rawa da ita ba tare da sun san ma'anar sunanta ba.

Fayafayan nan 'ya'yan zamanin arzikin man fetur ne. A shekarun 1970 kamfanonin EMI da Decca da Phonogram suna da rassa a Legas, suna ɗaukar sauti suna buga faifai, kuma mawaƙan Hausa irin su Mamman Shata ba a bar su a baya ba. Sai kaset ya shigo, mai araha, mai sauƙin kwafa, 'yan satar fasaha suka samu abin nema. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta ƙarasa abin da ya rage. Kamfanonin waje suka sayar da rassansu suka tafi, fayafayai suka koma ƙarƙashin gado da bayan shago, zafi yana lanƙwasa su, gara tana cin kwalayensu.

A nan masu farautar faifai suka same su. Miles Cleret, wanda ya kafa Soundway a Ingila, ya sha yawo a Gana da Nijeriya kafin ya fitar da Nigeria Special a 2008. A 2013 kamfanin Luaka Bop na New York ya tattara waƙoƙin William Onyeabor na Inugu, mutumin da ya daina kiɗa tun 1985, ya rungumi addini, ya ƙi yarda ya yi maganar waƙoƙinsa. A shekarar ce kuma Sahel Sounds ya buga a faifai kiɗan da Mamman Sani na Nijar ya ɗauka a kaset a 1978, kiɗan da mutanen Yamai suka daɗe suna ji a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri.

Ba na cikin masu kiran wannan aiki sata kai tsaye. Kamfanonin kirki sun nemi mawaƙan ko magadansu, sun biya, sun kuma rubuta tarihin kowace waƙa, aikin da mu ba mu yi ba. Amma kunnen mai tsinta shi ke zaɓe, kuma kunnen Bature jita da ganga mai sa rawa yake nema. Kalangu da kukuma da kotso, waɗanda daɗinsu ke cikin maganar mawaƙi, ba su cika samun gurbi a irin waɗannan kundaye ba. Shi ya sa faifan Onyeabor na asali ya zama abin gwanjo a intanet, na Shata kuwa sau da yawa sai dai a ji shi a kwafin kwafi, sautin ya dushe, ba shekara, ba sunan makaɗan da suka yi masa amshi.