Dinamo da altanato

Mai karatu, in ka taɓa shiga tsohuwar Land Rover daga Droum zuwa Damagaram, ka san wahalar turin mota. Sau da yawa laifin dinamo ne. Shi ke cika batir, amma sai in inji na gudu sosai. In mota na tsaye a tasha, fitilu kunne, sai batir ya zube.

A 1960 kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sa wa motocinsa altanato, wanda ke caji ko inji na bugawa sannu. Land Rover ta bi sahu a 1971. Sai makanikai suka riƙa cire dinamo suna ɗaura altanato. Amma Land Rover da aka ƙera kafin 1967, sai an juya wayoyin batir tukuna, in ba haka ba altanato ya ƙone.