Ƙwannafin dare da ɗaukewar numfashi: Ta wane gefe ya kamata a kwanta?

Likitoci kan shawarci mutumin da numfashinsa ke ɗaukewa a cikin barci da ya daina kwanciya rigingine, ya koma kwanciya ta gefe. To amma idan mutumin yana fama da ƙwannafin dare kuma, gefen dama da na hagu ba ɗaya ba ne.

Cututtukan biyu sukan haɗu a jikin mutum guda. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekara ta 2003 ya duba mutane 331 masu ɗaukewar numfashi, inda aka samu kashi 62 cikin ɗari daga cikinsu suna kukan ƙwannafi da dare.

Yadda abin ke faruwa

Ƙwannafi yana tasowa ne idan ruwan tsamin da tumbi ke narka abinci da shi ya yi sama, ya shiga bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro. A mahaɗar bututun da tumbi akwai wata tsoka mai kama da zobe, wadda ke buɗewa abinci ya wuce, sannan ta tsuke. Idan ta yi sako-sako sai tsamin ya samu hanya.

Da rana lamarin yakan zo da sauƙi, domin mutum yana tsaye ko a zaune, yana kuma haɗiyar yawu, wanda ke wanke bututun. A cikin barci kuwa yawu yana ja baya ƙwarai, haɗiya ta yi ƙaranci, jiki kuma yana miƙe. Saboda haka tsamin da ya hau yakan daɗe kafin ya sauka, wani lokacin ma ya kai maƙogwaro, mutum ya farka da tari, ko ɗaci a baki, ko dishewar murya.

Ita kuwa ɗaukewar numfashi tana faruwa ne idan naman maƙogwaro ya saki a cikin barci har ya toshe hanyar iska na tsawon daƙiƙa 10 ko fiye. Idan hakan ta kai sau 30 a cikin sa'a guda, likitoci na ɗaukar cutar a matsayin mai tsanani. Alamominta sun haɗa da minshari mai ƙarfi, da firgita ana haki, da gyangyaɗi da rana, kuma tana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya. Wani ƙiyasi na shekara ta 2019 ya ce mutane miliyan 936 ne masu shekaru 30 zuwa 69 ke da ita a duniya.

Ƙiba, musamman teɓa, ita ce babbar abin da ya haɗa cututtukan biyu: kitsen wuya yana matse hanyar iska, na ciki kuma yana danne tumbi.

Dama ko hagu

Mafi yawan tumbin ɗan Adam yana ɓangaren hagu ne, bututun abinci kuma yana shigarsa daga ɓangarensa na dama. Idan mutum ya kwanta ta hagu, ruwan tsamin yakan taru a ƙasa, bakin bututun yana sama da shi. Idan ya juya dama, sai ruwan ya gangaro ya kwanta daidai bakin bututun, ta yadda da zarar tsokar nan ta saki, tsami ne zai fara wucewa.

Masu bincike a birnin Amsterdam na ƙasar Holan sun auna wannan a jikin mutane 57, a wani aiki da suka wallafa a shekara ta 2022. Sun gano cewa tsamin da ya hau yakan ɗauki kimanin daƙiƙa 35 kafin ya sauka idan ana kwance ta hagu, daƙiƙa 76 a rigingine, sannan daƙiƙa 90 ta dama.

Ke nan gefen hagu ne kaɗai ke taimaka wa matsalolin biyu a lokaci guda. Gefen dama yana buɗe hanyar iska amma yana tsawaita zaman tsami, rigingine kuma ba ta yi wa ko ɗaya daɗi ba.

Wannan batu yakan tsaya wa Musulmi a rai, ganin cewa kwanciya ta gefen dama sunna ce da ta zo a hadisin Bara'u ɗan Azib, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Malamai da dama na bayanin cewa sunnar ta shafi farkon kwanciya ne, kuma babu laifi ga wanda ya juya daga baya, balle mai larura. Don haka mai ƙwannafi na iya somawa ta dama, ya yi addu'o'insa, sannan ya koma hagu.

Wahalar ita ce zama a gefen har gari ya waye, tunda mai barci ba ya sanin lokacin da yake juyawa. Wasu kan jingina dogon matashi a bayansu, wasu kuma su ɗinke ƙaramar ƙwallo a bayan rigar barci. Dabarar ƙwallon tana hana rigingine, sai dai mutane da yawa ba sa jure mata.

Gado da abincin dare

Ana kuma ba da shawarar ɗaga gado ta wajen kai da santimita 15 zuwa 20, ta hanyar sa bulo ko katako a ƙarƙashin ƙafafunsa. Tara filo biyu ko uku ba ya maye gurbin wannan, domin wuya kawai yake lanƙwasawa, yana kuma iya naɗe ciki ya ƙara matsa tumbi. Mai kwana a katifa a ƙasa zai iya cusa soso mai gangare a ƙarƙashinta, daga kai zuwa ƙugu.

A bar tazarar sa'o'i biyu zuwa uku tsakanin abincin ƙarshe da kwanciya. Wanda ya cika ciki da tuwo da miya mai maiƙo bayan sallar isha'i, ya wuce shimfiɗa, da wuya gefen hagu ya cece shi. Haka abin yake a watan azumi ga masu komawa barci da zarar an idar da sallar asuba, alhali sahur bai bar tumbi ba.

Taba sigari da barasa suna sassauta tsokar bakin tumbi, barasa da ƙwayoyin sa barci kuma suna tsananta ɗaukewar numfashi.

Na'ura da magani

Babban maganin ɗaukewar numfashi shi ne na'urar CPAP, wadda likitan nan ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, ya gabatar a shekara ta 1981. Tana hura iska ta hanci don hanyar numfashi ta kasance a buɗe. A binciken 2003 da aka ambata, ƙwannafin dare ya ragu da kashi 48 cikin ɗari a wajen waɗanda suka lazimci amfani da ita. Sai dai wasu kan haɗiyi iskar, su tashi da kumburin ciki da gyatsa, abin da ke buƙatar likita ya sake daidaita ƙarfinta.

Magunguna irin su omeprazole suna rage yawan tsami, kuma sun fi aiki idan an sha su minti 30 zuwa 60 kafin cin abinci, ba a bakin gado ba, kamar yadda wasu ke yi. Aspirin da ibuprofen na iya ƙara zafin, haka ma wasu magungunan hawan jini kamar nifedipine, amma bai kamata a daina shan na hawan jini ba sai da izinin likita.

Wahalar haɗiya, da amai da jini, da baƙin bayan gida, da ramewa ba dalili, alamu ne da ke buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba. Ciwon ƙirjin da ya zo da gumi, ko ya bazu zuwa hannu ko muƙamuƙi, yana iya zama na zuciya, kuma asibiti ake nufa da shi nan take.