Yadda Tabibai Suka Koyi Mayar da Muƙamuƙi

Tun zamani mai nisa masana ilmin ɗibbu suka fahimta cewa yanke sankara daga bakin mutum rabin aiki ne, domin wanda aka cire wa muƙamuƙi, ko da Allah ya yi masa sauran kwana, ba ya iya tauna, haruffa ba sa fita daga maharijinsu, zama cikin jama'a ma yakan yi masa nauyi. A Ƙurɗuba ta Andalus, Abul Ƙasim az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013 Miladiyya, ya bayyana cikin littafinsa At-Tasrif yadda ake ɗaure haƙora masu girgiɗa da zaren zinariya, da yadda ake sassaƙa haƙori daga ƙashin bijimi; amma a wancan zamanin ƙashin muƙamuƙi, in ya tafi, babu mai maye gurbinsa.

A watan Yuli na 1893, lokacin da tattalin arzikin Amurka yake cikin ruɗani, aka shigar da shugaban ƙasar, Grover Cleveland, wani jirgin ruwa mai suna Oneida a asirce, aka cire masa sashen muƙamuƙin sama na hagu da haƙora biyar, ta cikin baki, don kada tabo ya tona asiri. Ramin da ya saura a ganɗarsa ya ɓata masa lafazi ƙwarai, har sai da likitan haƙori Kasson Gibson ya ƙera masa marfi na roba wanda ya toshe ramin, ya cika kuncin, magana ta dawo; cikakken bayani kuwa bai fito daga bakin likitocinsa ba sai 1917. A ganina wannan maƙerin ya cancanci yabo daidai da masu fiɗar.

Sauyi na haƙiƙa ya faro a 1952, sa'ad da Per-Ingvar Brånemark na Suwidin ya lura cewa ƙarfen titaniyam ya manne da ƙashin zomo har ya ƙi ciruwa. A 1965 ya dasa wa mutum na farko haƙora bisa wannan ƙarfe. Daga baya, a 1989, David Hidalgo na birnin Niyok ya bayyana yadda ake ɗauko siririn ƙashin ƙwauri, wanda ba shi ne ke ɗauke da nauyin jiki ba, tare da jijiyoyinsa na jini, a yayyanka shi a lanƙwasa bisa siffar haɓa, a ɗinke jijiyoyin da na wuya ƙarƙashin madubin likita. Hikimar ita ce ƙashin yana zuwa da ransa, saboda haka yakan kama ko a wurin da gashin sankara ya raunana nama, kuma a cikinsa ake kafa turakun da za su riƙe sababbin haƙora.