JEREN KAKA DA JEREN JIKA

Da zarar azumi ya kai ashirin, ko aka ga watan Layya, sai hankalin mace ya koma kan ɗakinta. Dangin miji na tafe gaisuwar Sallah, ga ƙawaye masu ƙare wa ɗaki kallo tun kafin su zauna. To, wannan damuwa ba yau ta fara ba. Bari mu waiwaya mu ga yadda iyayenmu na Yasore da sauran ƙauyukan Batsari da Safana suka yi da ita.

A zamanin kakanni, gyaran ɗaki daga ƙasa yake farawa. Mata ne ke taruwa da madaɓai, suna bugu suna waƙa har daɓe ya kwanta. Sannan a yayyafa masa ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ya yi ƙarfi ya yi ja yana sheƙi. In Sallah ta matso, a shafe bango da farar ƙasa, a sauke ƙorai a kankare su, a goge akussa, a mayar da tukwane ɗaya kan ɗaya, a rataye faya-fayi masu launi. Kwana biyu sun isa, kuma ladan aikin bai wuce fura ko goro ba, domin gobe ke ma za ki je ki taya wata.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa da auduga suka shigo hannun manoma. Layin dogo bai zo Katsina ba, ta Funtuwa ya bi har ya kai Ƙaura Namoda a 1929, amma fatake da motoci sun kawo kayan kanti kasuwanninmu. Tasoshi suka ture ƙwarya daga jere, daga baya kwanonin langa masu fenti suka ture tasa. Da farko daga Turai da Hong Kong ake kawo su, kafin a kafa masana'antunsu a Legas da Kano wajen shekarun 1960.

Da kuɗin fetur suka zo, aka kuma biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, sai gadon ƙarfe mai rumfa, kabad, samira, tangaran da ledar ƙasa suka zama ruwan dare. Amma daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, kaya suka yi tsada, ita kuwa gasa ba ta ragu ba. Nan fa adashi da bashin dillaliya suka ƙara ƙarfi. Yau ga tayil, ga kujeru, ga labule na yayi, ga waya tana nuna miki ɗakunan da ba ki san ta yadda aka same su ba.

Abin lura a nan, 'yar'uwa, shi ne jeren kaka asusu ne. Uwa kan fara tara kwanoni tun 'yarta na ƙarama, ɗaya bayan ɗaya, da ribar ƙuli-ƙuli ko ta fura. Kayan mallakin mace ne, miji ba ya da iko da su. Ranar da ciwo ya zo, ko damina ta yi gardama, sai ta zare saiti ɗaya ta ba dillaliya, asiri ya rufu. Labulen da aka ciwo bashi daren Sallah kuwa, baƙi na tafiya mai kuɗi zai yi sallama, daga nan sai rigima da maigida.

Sannan akwai abin da ya fi wannan. A shekarun nan, musamman daga 2019, hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu sun raba mata da yawa na wannan yanki da ɗakunansu. Wata ta bar jeren da uwarta ta yi shekara goma tana tarawa, ta fito da zanen jikinta kawai. Wataƙila tana cikin baƙinki na bana. Me za ta fi so a ɗakinki, sabon kafet ko wurin da za ta zauna ba tare da jin kunya ba?

Don haka in lokaci ya ƙure, yi irin ta kaka. Kakkaɓe yanar gizo-gizo, sauke kwanoni ki wanke da toka su yi haske, wanke tsohon labule ki goge, sauya wa gado da kabad wuri, shimfiɗa zanen gadon da kika ɓoye, yayyafa ruwa a tsakar gida ki share, ki sa turaren wuta. Ki kira maƙwabciya ta taya ki, gobe ki taya ta. Hausawa dai sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mayar da kowa ɗakinta, ya sa mu ga Sallah lafiya, amin.