Tsaron dukiyar ɗan kasuwa: sito, hanya da takardu

Babbar hanyar RN1 ta ratsa Gidan Rumji, Maraɗi, Cadawa, Agye da Gazawa, kuma a kanta ake jigilar wake, aya, riɗi da dabbobi. Dukiyar ɗan kasuwar wannan yanki na fuskantar haɗari a wuri uku.

Na farko sito, inda gobara da sata ke cinye jari. Maganinsu mai gadi amintacce, kwaɗo mai ƙarfi, duba wayoyin lantarki da nisanta man fetur daga buhuna. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta ƴan sanda 17.

Na biyu hanya. A ƙauyukan Gidan Rumji na bakin iyakar Najeriya, ƴan bindiga na satar shanu da mutane don kuɗin fansa. Aika kuɗi ta Nita, Amana ko Al Izza ya fi yawo da tsaba ranar kasuwa.

Na uku takardu. Rajistar RCCM ta dokokin OHADA, lambar haraji NIF, littafin shige da ficen kaya da inshora su ne hujjar mai dukiya gaban jandarma ko alƙali. Wanda bai rubuta ba, da wuya ya tabbatar da asararsa.