Keke mai ninkewa a ƙasar Baure: Yadda ake zaɓa, kwatantawa da kula da shi

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ayyana cire tallafin man fetur, lissafin zirga-zirga ya sauya a kowane gida. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoban 2024 ta tsallake 1,000 a sassa da dama na ƙasar. Garuruwan kan iyaka irin Baure, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na Masarautar Daura, sun riga sauran wurare ɗanɗana wannan ƙunci, domin tun watan Nuwamban 2019 Hukumar Kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka.

Wannan ne ya sa hankali ya sake komawa kan keke, abin hawan da babur ya daɗe da ture wa gefe. Sai dai kasuwar keke ta yau ta bambanta da wadda iyaye suka sani. Kusa da dogon baƙin keken nan na gargajiya, yanzu akwai ƙanana masu gajerun tayoyi, waɗanda ake ninke su a shigar da su ɗaki ko but ɗin mota. Ga bayanin abin da suke, wanda suka dace da shi, da abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi.

Mene ne keke mai ninkewa?

Keke ne da aka yi wa gaɓa a tsakiyar firam ɗinsa, mai maƙulli da ake buɗewa a karya keken gida biyu, tayar gaba ta dawo ta jingina da ta baya. A yawancinsu sandar hannu da sandar sirdi da feda su ma suna ninkewa ko su nutse ciki.

Sojoji ne suka fara ba shi muhimmanci. Rundunar Faransa ta gwada shi tun a shekarun 1890, sannan a Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin BSA ya ƙera wa sojojin laima na Birtaniya wanda suke dirowa da shi daga jirgi. Samfurin da ake gani a yau ya bunƙasa ne a manyan birane. Andrew Ritchie ya zana Brompton a Landan a 1975, David Hon kuma ya kafa kamfanin Dahon a Amurka a 1982. Buƙatar da suka yi niyyar biya ita ce ta ma'aikacin da zai hau keke zuwa tasha, ya ninke shi ya shiga jirgin ƙasa, ya sauka ya ƙarasa ofis, a garin da gidaje ba su da tsakar gida.

Sanin wannan asali yana da amfani ga mai saye a Baure, domin an ƙera keken ne don kwalta da gajeriyar tafiya da ƙarancin wurin ajiya. Mafi yawan waɗanda ke shigowa Arewa na hannu ne, 'yan gwanjo daga Japan da Turai, tare da sababbi masu araha daga Chana.

Kwatanci da keken da aka saba

Dogon keken da aka sani da sunayen Raleigh na Ingila, Phoenix na Chana, da Hero da Avon na Indiya yana da taya mai inci 28. Mai ninkewa kuwa yawanci inci 20 ne ko 16. Daga wannan bambanci sauran suka samo asali.

Na farko shi ne rairayi. Ƙasar Baure, kamar maƙwabtanta Zango da Babura da Magarya ta Jamhuriyar Nijar, jigawa ce mai yashi, kuma da zarar an sauka daga titi sai burtali da hanyar amalanke. Babbar taya tana ratsa yashi da ƙananan ramuka da sauƙi, ƙarama kuwa tana nutsewa, har mahayi ya sauka ya tura.

Na biyu shi ne saurin cinyewa. A kowace kilomita, taya mai inci 28 tana juyawa kusan sau 450, mai inci 20 kuma kusan sau 640. Ke nan a tafiya iri ɗaya, roba da rim da boris na ƙaramin keke sun fi shan aiki.

Na uku shi ne kaya. Manyan kamfanonin keke mai ninkewa suna ƙayyade nauyin da zai ɗauka a wajajen kilo 100 zuwa 110. Babban mutum ɗaya da jarkar ruwa mai lita 25 sun kusa cike wannan ma'auni. Buhun gero ko goyon babban mutum a kariya zai gajiyar da gaɓar, kuma gaɓa ita ce rayuwar wannan keke. Manomin da ke kai taki gona, da mai tallar da ke cin kasuwannin ƙauye, da magidancin da ke ɗebo ruwa, duk dogon keke ya fi musu.

Inda mai ninkewa ya yi zarra shi ne ajiya da sufuri. Yana kwana a cikin ɗaki, don haka ɓarawo bai cika samun sa ba. Yana shiga but ɗin motar haya daga Baure zuwa Daura ko Kano ba tare da an ɗaure shi a sama ba. Sirdinsa yana sauka ƙasa sosai, har yaro da babba su yi amfani da keke ɗaya. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ko Jami'ar Sufuri da ke Daura, da malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin da ke zaune cikin gari, su ne suka fi cin moriyarsa.

Akwai kuma na tsaka-tsaki, wato keken hawan tudu mai inci 26 da faffaɗar taya. Ga wanda hanyarsa rabi kwalta ce rabi yashi, shi ya fi dacewa.

Abin da za a duba kafin a biya

Gaɓa da maƙulli su ne farkon abin dubawa. A kulle keken, a riƙe birkin gaba, a girgiza shi gaba da baya. Idan an ji motsi ko ƙara a gaɓar, ta riga ta ci. A duba kewayenta da kyau ko akwai tsaga, ko sabon fenti a wuri guda, ko alamar walda. Sabon fenti a daidai gaɓa sau da yawa ɓoye rauni yake yi.

Sai ƙarfen da aka yi firam da shi. Baƙin ƙarfe ya fi nauyi, amma duk mai walda na bakin titi zai iya gyara shi. Alminiyom ya fi sauƙin ɗauka, sai dai waldarsa tana buƙatar na'ura ta musamman, kuma wurin da aka yi waldar yakan rasa ƙarfinsa. Maganaɗisu yana raba gardama: yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama alminiyom.

Lambar taya ita ce tarkon da mutane da yawa ke faɗawa. Tayoyin da ake kira inci 20 iri biyu ne, ɗaya mai lamba 406, ɗaya mai 451, kuma ba sa shiga rim ɗin juna. Haka inci 16 ma akwai 305 da 349. Lambar tana rubuce a gefen taya. Mai 406 ita ce aka fi samu, domin irinta ce a kekunan yara da yawa. Hikima ita ce mai saye ya fara tambayar mai facin garinsu irin tayar da tiyub ɗin da yake iya samowa, kafin ya je wurin dillali. Keken da sai an aika Kano kafin a sami tayarsa zai fi daɗewa a jingine fiye da kan hanya.

Bawul ma iri uku ne: na tsohon keke mai 'yar roba a ciki, da mai kauri irin na babur, da siriri na kekunan tsere. Mai kauri ya fi sauƙi, tunda kowane mai faci yana da famfonsa.

Game da giya kuwa, wadda ke rataye a waje tana sauka kusa da ƙasa idan taya ƙarama ce, sai ta riƙa kwasar yashi da ciyawa. Wadda ke rufe cikin cibiyar tayar baya ta fi jure ƙura, amma bakaniken da ya iya buɗe ta ba shi da yawa. Ƙasar Daura shimfiɗaɗɗiya ce, babu tuddai masu wahala, saboda haka keke marar giya ya wadatar, kuma shi ne mafi ƙarancin matsala.

Daga ƙarshe sai shaidar mallaka. Yawancin kekuna suna da lamba da aka buga a ƙarƙashin firam, daidai inda feda ke juyawa. A rubuta ta a rasit tare da sunan mai sayarwa, idan cinikin hannu da hannu ne kuma a yi shi gaban shaidu. Lambar da aka kankare alama ce ta kayan sata, kuma wanda aka kama da kaya a hannu shi ake fara tuhuma.

Batun farashi

Kusan duk keken da ke kasuwa, da kayan gyaransa, daga waje ake shigo da su. Don haka farashinsu yana bin darajar Naira, wadda ta faɗi daga wajajen 460 a kan Dala ɗaya kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Rufe iyaka ma yana taɓa shi, kamar yadda aka gani daga Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

Hanyar auna tsada ita ce mutum ya haɗa abin da yake kashewa a mai ko kuɗin acaɓa a wata, ya raba kuɗin keken da shi. Sakamakon shi ne adadin watannin da keken zai mayar da kuɗinsa. A ƙara da kuɗin sabbin tayoyi da tiyub da robar birki, domin ɗan gwanjo kusan kullum yana buƙatar su. Sabo mai arha ƙwarai yakan zo da siraran sifok da maƙullin da ke saki da wuri, har tsohon ɗan Japan mai lafiyayyar gaɓa ya fi shi ƙarko. Araha dai ba ta ado.

Kulawa a ƙasar ƙura da ƙaya

Abokan gabar keke a wannan yanki uku ne: yashi, ƙaya da rana. Sarƙar da aka jiƙa da baƙin mai tana tara yashi, su haɗu su zama kamar magogi, su cinye sarƙar da haƙoran firiwil. Abin da ya dace shi ne a goge ta da tsumma, a ɗiga mai kaɗan, sannan a share wanda ya yi saura. Da hunturu a riƙa yin haka duk mako.

Tsidau da ƙayar aduwa su ne ke kai mutane wurin mai faci. Tayar da ke da isasshiyar iska ba ta cika hujewa ba, kuma adadin iskar da take buƙata yana rubuce a gefenta. Ƙaramar taya tana ɗaukar iska kaɗan, don haka a taɓa ta duk bayan kwana biyu zuwa uku. Wasu masu gyara suna shimfiɗa yankakken tsohon tiyub tsakanin taya da sabon tiyub, dabarar da ke rage faci. Kafin a mayar da tiyub, a shafa cikin tayar da yatsa a zare ƙayar da ta maƙale.

Gaɓa tana son a share ta, a ɗan sa mata mai, a kuma tabbatar maƙulli ya kama kafin kowace tafiya. Sandar sirdi tana da layin da bai kamata a zaro ta ta wuce shi ba, in an wuce firam na iya tsagewa. Bayan kowace ninkewa a duba wayar birki ko ta lanƙwashe. Sifok ɗaya in ya tsinke a canza shi nan take, kafin rim ya karkace. Boris kuwa a buɗe a sa masa sabon giris sau ɗaya a shekara, bayan damina. A ajiye keke a inuwa, domin rana tana busar da taya ta tsattsage. Mai hawa da dare a kan titin Daura ya sa fitila a gaba da madubi mai ƙyalli a baya.

Ina ruwan gwamnati?

Keke ya taɓa shiga siyasar Najeriya. A 2001, Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi kira ga jama'a su koma hawan keke, har ya riƙa hawa da kansa a Abuja, kafin wata motar bas ta ture shi cikin kwata. Masu suka a lokacin sun ce an kira mutane kan titin da ba a tanadar musu wuri a cikinsa ba. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya. Kano kuwa ta taɓa samun masana'antar Raleigh, kafin kasuwar ta koma hannun kayan waje.

A matakin ƙasa, Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi bayar da lasisin keke da amalanke da baro, tare da ginawa da gyara hanyoyin cikin gari. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, ya ce a riƙa biyan su kuɗinsu kai-tsaye. Wannan ya ba mazauna Baure hujjar tambayar majalisar ƙaramar hukumarsu game da hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka da makarantu da asibitoci, da wurin ajiye keke mai tsaro a kasuwa da sakatariya.

Akwai kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kuma ya bi ta Kazaure da Daura. Keke mai ninkewa don irin wannan tafiya aka ƙirƙire shi. Ko fasinja zai iya shiga tarago da kekensa a ninke, da kuma ko tashar Daura za ta sami wurin ajiya, ƙa'idoji ne da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya za ta tsara, kuma matasan masarautar suna da damar neman a saka su tun yanzu.